Ƙwallon Safa

Saura wata biyu a shiga jarrabawa,
Ajina a Harbo ya yi tsit, ba mai motsawa.
In rubuta a allo, in goge, in sake,
Idanu sittin na bina, kunnuwa na rufewa,
Turanci ya tsaya a wuya kamar ƙayar tarwaɗa,
Ba ya fita, ba ya haɗiyuwa.

Sai na tuɓe safata mai huji a dunduniya,
Na cusa mata tsumma, na ɗaure baki da zare.
Na ce, "Ku ja bencuna gefe, yau ranar wasa ce.
Nan ɓangaren Gero, can ɓangaren Dawa.
Duk wanda ya cafe, bashi ya hau kansa:
In ba shi aikin yau, ya biya ni da na jiya,
Ba lamuni, ba jinkirtawa."

Na jefa, "Eat!" Barira ta cafe da "ate",
Gero suka doki tebur har alli ya yi tsalle.
"Sing!" Nafi'u ya ce "sang" yana rausayawa.
Washegari na yayyanka kwalin taliya,
Kalma ɗai-ɗai, na zuba su a ƙwarya.
Hansatu ta zaro "stubborn", an hana ta magana,
Sai ta kafe ƙafa, ta zama jakin Baba Mati
Ranar da ya ƙi hawa gada, ana ja yana turjewa.
Dawa suka cinye goruba bakwai,
Gero suka ce alƙalin wasa ya sha kunun Dawa.

Can ƙurya, gefen tagar da ba ta da murfi,
Tasi'u ke zama, in'ina ta ɗaure masa harshe.
Rannan ƙwallo ya ɓace hanya, ya faɗa cinyarsa.
Na ce, "Go."
Muka ji kukan kurciya daga kan tsamiya
Kafin ya ce, "G-goed." Aji ya fashe da shewa.

Na ɗaga hannu. "Yaron nan ƙa'ida ya bi,
Kalmar ce ta yi masa tawaye.
Wasu kalmomi tumaki ne, layi suke bi,
Wasu awaki ne masu haure danga,
Sai ka san kowace da kamanninta kafin kamawa."
Tun ranar sunan ya bi su,
Ko Barira ta kasa, sai ta ce akuya ce ta kufce.

Ruwan shuka ya sauka daren wata Laraba,
Rabin aji ya koma gona, na koyar da bencuna.
Da yamma ina tura keke ta bayan gari
Na hango Tasi'u bayan sungumin babansa,
Ya jefa iri, ya rufe da dunduniya:
Rami ɗaya "go", na biyu "went", na uku "gone",
Harshe sumul, ba ko sarƙewa.
Uban ya share gumi ya ce, "Malam,
Wace addu'a ce wannan? Tun asuba yake yi wa gero."
Na ce, "Ta kamun awaki ce."
Ya dube ni, ya dubi ɗansa, ya ci gaba da sarawa.

Ran jarrabawa akori-kura ta kai su Jahun.
Na zauna a gindin darbejiya ina matsa safa
Har tsumman ya leƙo ta hujin.
Da suka fito ya iso yana sosa ƙeya:
"Malam, awaki h-huɗu suka zo, na ɗaure uku."
"Ɗayar fa?"
"B-baƙuwa ce, ban taɓa ganinta a garkenmu ba."

Sakamako bai fito ba, gero ya kai gwiwa.
Ɗaya safar tana rataye a ƙusa, ba abokiya,
Ita ma ta fara huji.
Na bar ta tana jiran aji mai zuwa.