Tumbin Inji

Ƙarfe biyu da kwata na dare, a Marina,
babban injin banki ya yi tsit.
Ba hayaƙi, ba ƙauri,
fitila ɗaya ce kawai ta koma ja.
Albashin mutum dubu arba'in na cikinsa,
ga shi wata ya zo ƙarshe.

Folarin ya ce a kashe a kunna.
Na riƙe masa hannu.
In ka tashe shi yanzu, garau zai miƙe,
ya manta abin da ya kayar da shi,
ya bari sai ranar da muke barci ya maimaita.
Bari ya fara amayar da abin da ya ci.

Muka juye ƙwaƙwalwarsa a faifai,
duk abin da yake riƙe da shi sa'ad da ya suma:
lissafin da bai gama ba,
umarnin da ya maƙale masa a wuya.

Ubana Ɓaidu mahauci ne a Oko-Oba.
Yakan ce saniya ba ta musu bayan yanka,
buɗe tumbi ka ga inda ta yi kiwo.
Na sha ganin ya zaro leda, igiya, har ƙusa,
ya ɗaga wa mai ita, bai ce uffan ba.
Ya so in gaji wuƙa, na gudu boko.
Ga ni yau tsugune gaban tumbi.

Na kira kamfanin da ya ƙera shi.
Wata mai suna Revathi ta ɗauka,
can inda gari ya riga ya waye,
ina jin cokalinta na kaɗa shayi.
Ta ce in turo.
Na ce tukuna, sai na kankare sunaye da lambobin asusu,
sirrin mutane ba ya haye teku.

Saƙon ya ja jiki kamar motoci kan gadar Eko.
Janareto ya yi tari sau biyu.
Ruwa na ta dukan gilashi.

Muka bi sahu tare, ita can, ni nan,
layi bayan layi, sifili bayan sifili,
har ta ce: tsaya.
Wani ɗan gyara da aka saka ranar Asabar
ya jibge kayansa a ɗakin da ba nasa ba,
mai ɗakin ya dawo, ya yi tuntuɓe.
Wa ya saka shi?

Na buɗe rajista.
Rubutuna ne, har da ƙugiyar da nake wa sunana.

Folarin ya kalli silin,
ya turo mini ragowar burodinsa.

Kafin kiran assalatu mun cire ƙusar.
Fitila ta koma kore.
A danfon Agege wayoyi suka fara ƙara,
kwandasta na rantsuwa ba shi da canji,
ni kuwa ina ta shinshina hannuna
kamar yadda Baba yake yi in ya taso daga mayanka.