Inda Wake Ba Ya Dahuwa

Sati na uku a kan tsaunukan Bolibiya,
har yanzu numfashi aronsa nake yi.
Taki goma daga ɗaki zuwa famfo,
sai in tsaya in dafa gwiwa kamar tsohuwa,
yara na dariya, kumatunsu jajur kamar an toya.

Mu biyar aka aiko: likita, magina biyu, fasto,
da ni mai auna jarirai.
Ranar sallama an ce a coci za mu kai haske.
Hasken da na fara kunnawa a nan kyandir ne,
ashanar ma Eusebiya Apaza ce ta ara mini.

Sunana ya gagari bakinta.
Rifkatu ta koma Rikita.
Ba ta san ta faɗi gaskiya ba.

Ranar Talata na ɗora wake
tun hantsi har inuwa ta juya.
Ruwa na tsalle, yana surutu,
waken kuwa ƙememe, sai ka ce tsakuwa.
A gida mukan ce mai haƙuri yakan dafa dutse;
wanda ya fara faɗa bai taɓa hawowa nan ba.
Likita ya ce tudun ne ya yi yawa,
ruwa kan tafasa tun bai yi zafi ba.

Da dare, ƙarƙashin bargo uku,
na gane addu'ata ma haka ta koma:
kumfa, ƙara, murfi na rawa,
ciki ɗanye.

Lahadi, rufin kwano an danne da duwatsu.
Dattijo Teodosiyo na wa'azi da Aimara,
wani ya juya zuwa Sifaniyanci,
wata ta raɗa mini da Turanci.
Kafin ya iso kunnena
ya zama kunun da aka yi wa ƙari sau uku.
Amin ɗina kullum a makare take zuwa,
ita kaɗai, kamar akuyar da ta ɓace wa garke.

Sun shanya dankali a fili don sanyi ya cije shi.
Da asuba Eusebiya ta tuɓe mini takalma,
muka hau tattakawa,
ƙanƙara na sara ta tsakanin yatsu.
Ta nuna shekaru da hannu biyu: haka zai daɗe a rumbu.
Raƙumansu marasa tozo na kallonmu
da idon raini.

Sai daren da jikanta ya kasa numfashi.
Wata huɗu, ƙirji na shiga yana fita
kamar zugazugin maƙeri.
Likita ya yi allura, ya ce sai jira.
Uwar, Nieves, ta ƙame a jikin bango.
Eusebiya ta kama hannuna ta ɗora a kan yaron,
ta taɓa leɓena: da naki harshen.

Ban sami doguwar magana ba.
Na ce: Yesu, ga shi.
Na ja iska.
Ga shi, Ubangiji, ga mu.
Na yi ta nanatawa har kyandir ya ƙare,
ita ma tana nata, can ƙasa ƙasa,
ba tafinta a tsakaninmu.

Zakara ya yi cara, yaron ya kama nono.
Likita ya rubuta sunan allurar a littafi.
Ban yi masa gardama ba.
Na fita bayan ɗaki na yi kuka,
hawayen ma sanyi ya tare su a kumatu.

Da yamma ta shigo ba sallama,
ta juye wakena cikin ƙwarya, ta zuba ruwa,
ta nuna rana, ta kifa tafin hannu:
sai ya kwana.

Washegari ya dahu, ba sosai ba.
Na gutsura daddawata ta ƙarshe na jefa.
Eusebiya ta sansana, ta yamutsa fuska,
ta dubi ƙofa,
sannan ta miƙo kwanonta.