Addu'a Biyu a Gida Ɗaya

A Kubanni ya koyi iyo.
Ni na tallafe masa ciki,
ruwan bai wuce ƙirjina ba.
Inna ta ji, ta karyo reshen dalbejiya,
ta ce ruwa ba sa'an kwando ba ne,
balle ɗan da aka binne cibiyarsa a Tudun Wada.

Sallau bai ji ba.
Daga nan sai Ikko,
daga Ikko sai cikin jirgin dakon kaya
mai tutar wata ƙasa da ko matuƙansa ba su taɓa takawa ba.
Aikinsa can ƙasa ne, wurin inji,
inda ba a ganin tekun ma,
sai baƙin mai da zufa da ƙara.

Wata goma sha ɗaya babu albashi.
Fasfo yana aljihun teburin kyaftin, a kulle.
Duk wannan ya haɗiye.
Sai aka tsinci wani yaro ɓoye a bayan buhuna,
kwana shida da barin gaɓa.
Sallau ya ba shi shayi da rabin burodi.
Da gari ya waye, ga kofin, babu yaron.
Kyaftin ya zagayo da takarda:
ba wanda ya ga komai.
Mutum goma sha tara suka sa hannu.
Sallau ya ce yatsansa na ciwo.

A wata tasha mai sanyi, bayan isha,
ya bi igiya ya sauka,
da silifa, da carbi,
da lambar wayata rubuce a damtsensa.

Ya ce ma'aikaciyar ta shimfiɗa taswira,
ta ɗora farce a kan Zariya,
ta ce, to ina ruwan?
Tafintan ɗan Damagaram ne, ya danne dariya.
Ta ce, me kake tsoro in ka koma?
Nan ya rasa ta inda zai kama.
Da ni ta tambaya.
Mutum biyu suka zo shagona ranar Laraba,
suka gwada hula huɗu, ba su sayi ko ɗaya ba,
suka ce in gaida Inna,
suka ambaci sunanta na yanka
wanda ko maƙwabta ba su sani ba.

Na tono takardar haihuwarsa a ƙasan adaka,
ɓera ya ci shekarar, ya bar wata da rana.
Na ɗauki hoto na tura.
Lauyansa ya ce in suka yarda zai zauna,
amma hanyar gida ta rufe,
ko da rasuwa aka yi.

Inna tana zaton har yanzu yana cikin jirgi.
In hadari ya haɗu daga gabas
sai ta ce, ko can ma ana iska?
Ta ƙulle masa daddawa da kuka a leda,
duk wata uku ta kwance ta sake sabuwa.

Da asuba ina jin ta ta bayan katanga:
Allah ka dawo min da shi.
Ni kuma a kan buzuna, alƙiblarmu ɗaya:
Allah ka sa su yarda.
Ban san wadda za ta riga isa ba.
In ta shafa, ina cewa amin,
don ba a ƙin amsa wa uwa,
sai dai muryata ba ta fita sosai.

Jiya na bi ta kan gada, damina ta cika Kubanni.
Yara tsirara suna ta tsalle.
Wani babba ya tallafe cikin ƙaninsa,
ƙaramin na dukan ruwa yana ihu,
sake ni, na iya, sake ni!
Na tsayar da babur.
Na buɗe baki.
Kafin in ce wani abu, ya sake shi.