Turmin da Ya Yi Shiru

A Agaro damina ba ta neman izini.
Tana sauka kan kwanon ɗakina kamar mai bin bashi,
kuma tare suke zuwa da ciwon nan
da ke zama a wuyan hannuna na dama
ya miƙe ƙafa.

Shekara hamsin da ɗoriya
ina wanke ɗanyar ƙwayar gahawa,
in baza ta a kasko,
in yi ta juyawa har ta yi baƙi tana gumin mai,
in zagaya da hayaƙin, kowa ya jawo rabonsa da tafin hannu.
Sannan turmi.
Ɗan turmin nan da bakinsa ya tsage
tun shekarar da na haifi uban Gammacu.

Gammacun ne ya zo daga Addis ranar Asabar
da wata leda mai ƙyalli, an liƙe bakinta.
Ya ce, Kaka, hutu na kawo miki.
Niƙaƙƙiya ce. Cokali uku, ruwan zafi, shi ke nan.
Injin da ya niƙa ta ba ya ciwon hannu.
Na juya ledar. An zana dutse a jikinta
da wata mata tana dariya, haƙoranta a cike.
Gahawar garinmu ce, in ji shi, birni ta je ta dawo.
Na ce, to, ta yi ilimi.

Ban ƙi ba. Wa ke faɗa da sauƙi?
Litinin na dafa. Ta yi.
Ba zan yi mata ƙazafi ba, ta yi,
sai dai ƙamshinta na gaggawa ne,
kamar baƙon da ya yi sallama daga ƙofa
ya ce sauri yake.

Na jera finjali shida.
Na shimfiɗa ɗanyar ciyawa, na sa lubban a garwashi,
na zauna.
Dureti ba ta leƙo ba.
Obse ta wuce da tulunta, ta ɗaga mini hannu.
Kaza ce kawai ta shigo duba gugguru.
Talata haka. Laraba haka.
Na sha na fari, na sha na biyu,
na ukun, mai albarkar, na tuttular a gindin ayaba.

Daren nan na kwanta ina lissafin laifina.
Wa na ɓata wa? Ko maganar akuyar nan ce har yanzu?

Sai da asuba abin ya faɗo mini.
Ashe ban taɓa aika yaro kiran kowa ba.
Taɓarya ce 'yar aikena.
Ita ke tsallake shinge, dum, dum,
ta ce wa Dureti ajiye tsintsiya,
ta ce wa Obse ruwa ya kusa tafasa.

Alhamis na ɗora butar ƙasa mai dogon wuya,
na zuba garin leda cokali uku,
na jawo turmi, ba komai a cikinsa,
na kama taɓarya da hagu
na yi ta dakan iska.

Kafin kumfa ta hau wuyan buta
ga Dureti, mayafi a karkace.
Ta kurɓa. Ta dube ni ta saman finjali.
Ta dubi turmi, fes, ko ɓurɓushi babu.
Ba ta ce uffan ba har zagaye na uku.

Washegari ta zo da ƙwaya a ƙulle a bakin zane,
da jikarta Lalise, 'yar shekara tara,
mai damtse kamar na ɗan dambe.
Ta ce, ke soya, wannan ta daka.

Yarinyar ba ta iya ba tukuna.
Rabi gari, rabi tsaki, wata ƙwayar ta yi tsalle ta bar turmin.
Muna tauna abin da ya kamata mu sha,
muna yabonta.

Ledar Gammacu tana nan rataye a ƙusa,
na ɗaure bakinta da zare.
Ranar da ruwa ya hana kowa fita
ita nake dafawa,
finjali ɗaya nake saukewa,
in bar kwanon ɗaki ya yi dakan.