Ƙofar Hagu

A Dudley, bayan layin dogon da jirgi ya daina bi,
nan garejin Clive Hadley yake.
Kwana uku nake masa a mako,
ni da na koyi bugun ƙarfe a Panteka
hannun Malam Jatau mai kunne ɗaya.
Ga ni yau ba guduma:
buroshi aka miƙo mini, da almakashi, da takunkumi.

Tsohuwar mota ce, ta girmi aurena.
Clive na so ya hau tudu da ita a tseren bazara.
Ya ce nauyin ƙarfe ne abokin gabarsa,
ba shekara saba'in da ɗaya ba.
Muka kwance ƙofar hagu, muka ɗora a sikeli:
kilo ashirin da biyu,
har da tsatsa.

Na wanke ta tas.
Kaki sau bakwai: shafa, jira, goge, sake.
Wanda ya yi rowar kaki
uwa da 'ya za su manne masa,
sai dai zarto ya yi rabon.

Ina gogewa yatsana ya faɗa wani ɗan rami
ƙasa da mariƙi, bai kai tafin hannu ba.
Jinin sana'a ya motsa, na ɗauko abin cike.
Clive ya riƙe mini hannu.
"Bar shi," ya ce, ya koma wajen butar shayi,
ya daɗe yana neman cokalin da ke hannunsa.

Sai ƙaro.
Ana ɗiga masa maganin daskarewa da lissafi:
ka rage, ya kwana yana danƙo,
ka ƙara, ya yi zafi a gwangwani har ya yi hayaƙi.
Na shimfiɗa mayafin zaren gilashi, fari fat,
ya sha ƙaro ya ɓace kamar sukari a koko.
Falle kan falle,
ina korar kumfa ɗaya bayan ɗaya,
don iskar da ka bari a yau
ita za ta tona ka a kwanar farko.
Da dare zaren ya bi ni har gado.
Ƙaiƙayin gero yaro ne.

Sanyin Fabrairu ya hana shi kamawa.
Muka kunna hita, muka zauna gadi
kamar masu jiran akuya ta haihu.
Ran na uku na cusa 'yan itace a gefe,
na danna a hankali.
Ƙas!
Mazubi ya saki.
Ga ƙofa a juye: tudu ya zama kwari,
ɗan ramin nan ya fito ƙulu kamar cibiya.

Daga cikinsa muka zubo sabuwa.
Kilo huɗu da rabi.
Na ɗaga ta da yatsu biyu, na ji kunya,
kamar na karɓi kuɗin aikin da ban yi ba.
Ramin yana nan inda yake,
ko ƙwayar gero bai gusa ba.

Ranar ɗaurawa ya faɗa mini, yana kallon fata, ba ni ba.
Maureen ba ta taɓa rufe ƙofar nan da hannu ba.
Kullum da kaya, jaka nan, yaro nan,
sai ta juya ta buga da ƙugu.
Shekara talatin da huɗu.
Bara waccan aka binne ta a Gornal.

Ya tura sabuwar ƙofa.
Ta rufu, tif, kamar murfin kwano.
Ya buɗe, ya sake turawa da ƙarfi.
Tif.
Ya tsaya yana sauraren abin da bai zo ba.

Tsohuwar tana jingine bayan gareji,
mai gwangwan ya zo sau biyu ya koma.
Mazubin kuwa yana rataye a bango.
An yi mana odar guda shida daga Walsall,
Clive ya ce kada in cike ko ɗaya.