Yatsa Biyu Zuwa Hagu

Yuro saba'in da biyar na ƙirga wa Fulgencio
a shagonsa na ƙusa da igiya, bayan cocin Zafra.
Ya turo min kwalin yana kallon gefe,
ya ce, "Eusebio, araha dai ba ta ado."
Na ce ba ado na zo nema ba.
Shekara talatin ina ɗaure layin dogo,
na san ƙarfen da zai yi aiki ko da muni gare shi.

Ƙotarta roba ce da aka shafa wa launin katako.
Warin mai take yi, da warin kwali.
Sai ka dafe gindinta a cinya,
ka mari bakin da tafin hannu, ta karye biyu,
ka ja, ka ƙara ja, har sifirin ya ce ƙas.
Ɗan darma guda, bai kai ƙwayar masara ba,
ka cusa da babban yatsa, ka miƙar da ita.
Harbi ɗaya ke nan.
Mai son na biyu sai ya sake biya da damtse.

A bayan gida, gindin ɓauren da Remedios ta dasa
kafin ta tafi ta bar ni da kujeru biyu,
na jera gwangwanayen sardin a kan katanga.
Taku ashirin. Da ƙafata na auna.

Makon farko na riƙe ta kamar na kama ɓarawo,
ta yi ta harbin iska da ganyen zaitun ɗin maƙwabci.
Sai da na gane ba ta son matsi:
ka ɗora ta a buɗaɗɗen tafi, kamar burodi mai zafi,
ka bar ta ta zabura yadda ta ga dama,
ka saki rabin numfashi,
ka lallaɓa kunamar, kada ka fizga.

Duk da haka, hagu take ci.
Yatsa biyu, kullum, ko da iska ko babu.
Na murɗa saitin har ya ƙure.
Na sauya darma, mai tsini, mai faɗin kai, mai tsada.
Na koma shago na yi wa Fulgencio tas a gaban mutane.
Daga baya muka shirya, ni da ita:
in nufi dama, ta kai ni tsakiya.
Shekara uku muna wannan zaman haƙuri,
ina ba kowa labarin karkataccen bakinta
a teburin karta, ranar Lahadi.

Sai ga Candela, jikata, ta zo hutu daga Badajoz,
shekara sha uku, ƙarfe a haƙora, waya a aljihu.
Ba ta iya karya ta ba, ni na ɗana mata.
Na ce, "Ki nufi dama, yatsa biyu, tana da hali."
Ta ce to. Ba ta ji ba.
Ta ɗora saiti a kan idon kifin da ke jikin gwangwanin.

Ƙwal.

Na ce sa'a ce. Na sake ɗanawa.
Ƙwal. Ƙwal. Biyar a jere,
katanga ta zama wayam.
Ta juyo ta ce, "Kaka, ai lafiyarta ƙalau.
Yaushe rabonka da likitan ido?"

Laifi tudu ne.
Shekara uku ina tsaye a kan nawa, ina hangen na ƙarfe.

Da yamma na shafe ta da tsumma da ɗigon mai,
na daɗe a kan bakin nan da na ɓata wa suna.
Gobe Talata, motar ƙarfe tara za ta kai ni asibiti.
In na dawo zan biya ta shagon Fulgencio.
Ban san me zan ce masa ba tukuna.
Wataƙila darma kawai zan saya, gwangwani ɗaya,
in bar masa canjin.