Katangar Gidanmu a Kusiri

A Kusiri ba kalanda ke ƙirga mana shekara ba,
katangar gidanmu ce.
Ga zanen gawayin Baba Tanimu:
nan ruwan bara ya tsaya, daidai ƙugu.
Na bara waccan bai wuce idon sawu ba.

Bazara kuwa, a bar zancen.
Kwanon rufi na ƙara kamar zai yi magana,
randa ta yi ɗumi tun hantsi,
Hajjo mai ƙanƙara ta zama sarauniyar unguwa,
ƙulli ɗaya dala ashirin, kuma sai ka roƙa.
Da dare mu baje tabarmi a tsakar gida,
tsallaken kogi fitilun Injamena na ƙifta ido,
su ma ba barci suke ba.

Sai hadari ya haɗo daga gabas.
Ranar ruwan fari
ko mai bin ka bashi murmushi yake.
Kwaɗi su buɗe makaranta,
taɓo ya riƙe takalmin Gambo, har yau bai mayar ba.

Abin da baƙo ba ya ganewa shi ne:
sai sama ta ɗauke, an fara shanya gero,
sannan Logon ke tahowa sannu
da ruwan da ya sauka can kudu
a kan mutanen da ba mu sani ba.
Ya shigo ba sallama, ya zauna a zaure.

In ya janye ya bar tarwaɗa a kwari,
da ƙasa mai laima don dashen masakwa.
Baba ya ɗauki gawayi,
ya daɗe yana duban katanga,
ya ja sabon zane,
ya ce in ɗora shayi.